Daga Bakin Allo: Yaro Mai Kunya da Babbar Makaranta

A wannan watan za mu taɓa wata tambaya da iyaye suka yi ta kawo mana tun da aka sake buɗe makarantu, wasu a takarda, wasu a ƙofar masallaci, wasu kuma ta bakin iyalanmu. Tambayar kusan iri ɗaya ce. Yaro ya gama aji shida, an ba shi gurbi a wata babbar mutawassiɗa ta cikin garin Gadarif, alhali kuwa shi yaron mai kunya ne, ba ya son hayaniya, in an yi baƙi a gida sai ya shige ɗaki. Shin a tura shi can, ko kuwa a nema masa ƙaramar makaranta kusa da gida ko da ba ta kai waccan yawan malamai ba?

Kafin mu ba da amsa, ya kamata a san dalilin da ya sa tambayar ta zo wa iyayen yau a matsayin sabon abu. Tsarin karatu a ƙasar nan ya sha canji. Kakanninmu da suka shiga boko sun yi huɗu, huɗu, huɗu, wato tsarin da aka gina a kan cibiyar horon malamai ta Bakht ar-Ruda wadda aka kafa a 1934 kusa da Duwaim. A 1970, zamanin Numairi, ministan ilmi Muhyiddin Sabir ya mayar da shi shida, uku, uku. Sai kuma a farkon shekarun 1990 gwamnatin Bashir ta haɗe firamare da makarantar tsakiya suka zama asas ta shekara takwas, a ɗora sakandare ta shekara uku a kai. A 2020 gwamnatin riƙon ƙwarya ta yanke shawarar komawa shida, uku, uku, aka soma aiwatarwa a 2021. Ke nan yawancin iyayen da 'ya'yansu ke shiga mutawassiɗa yanzu, har da mu masu wannan fili, ba su taɓa zama a cikinta ba. Mun yi shekara takwas a haraba ɗaya, da abokai ɗaya, malaman da suka karɓe mu muna kuka su ne suka sallame mu muna da ƙwarin murya. Wanda bai taɓa hawa jirgin ruwa ba, ai dole ya yi tambaya kafin ya sa ɗansa a ciki.

Da aka dawo da wannan mataki ba a samu halin gina sababbin makarantu yadda ake bukata ba. Abin da muka gani a unguwanni da yawa shi ne an ɗauki wasu makarantun asas an mayar da su mutawassiɗa, aka tattaro musu yara daga firamare uku ko huɗu. Ana cikin wannan sai yaƙi ya ɓarke ranar 15 ga Afrilun 2023. Makarantu suka zauna a rufe fiye da shekara guda a yawancin jihohi, da yawa daga cikin na Gadarif kuma suka zama masaukin 'yan'uwanmu da suka gudo daga Khartum, daga Wad Madani a Disambar 2023, sannan daga Sinja a tsakiyar 2024. Da aka koma karatu sai ga ajin da ya cika ya batse, ga ɗan shekara 12 a benci ɗaya da ɗan shekara 15 wanda yaƙi ya cinye masa shekaru. Aji mai yara 70 ko 80 ba baƙon abu ba ne gare mu. Wannan ita ce babbar makarantar da iyaye ke tambaya a kanta.

To, mene ne ainihin abin da ke canzawa ga yaro ranar da ya shiga? Iyaye sukan kalli faɗin haraba da yawan kawuna a ɗabur na safe. Mu kuwa da ke riƙe da alli mun san babban canjin yana cikin aji. A firamare, musamman ƙananan azuzuwa, malami ɗaya ko biyu ne ke yini da yaro, ya san ranar da ya zo bai karya ba, ya san rubutunsa ko bai sa suna ba. A mutawassiɗa kowane fanni da ustazunsa, ya shigo ya yi hissarsa ta minti arba'in ko ɗan fiye, ƙararrawa ta kaɗa ya fita. Ku yi lissafi da kanku. Malamin lissafi mai azuzuwa 5, kowanne da yara 70, fuska 350 ke nan yake gani a mako. Su wa zai riƙe? Zai riƙe goman da ke ɗaga hannu suna kaɗa yatsa suna "Ustaz! Ustaz!", zai riƙe goman da alfa ke rubuta sunayensu kullum saboda surutu. Yaron da ba ya ɗaga hannu kuma ba ya laifi, shi ne ke iya shekara uku a makaranta ba wanda ya taɓa kiran sunansa sai ranar raba sakamako. Ba dūka ya sha ba, ba kora aka yi masa ba, amma ya ɓace a tsakiyar mutane.

Ba mu kaɗai muka lura da haka ba. A Amurka, wasu masana biyu, Roger Barker da Paul Gump, sun bi makarantun sakandare 13 a jihar Kansas, ƙaramar cikinsu ba ta kai yara 50 ba, babbar ta haura 2,000, suka fitar da littafi a 1964. Sun tarar babbar makaranta ta fi yawan ƙungiyoyi da wasanni, amma a ƙaramar ne aka fi samun kowane yaro da aikin da aka ɗora masa. Dalilin a fili yake, kuma duk manomi ya san shi: in hannu ya yi ƙaranci ranar yankan riɗi, har ɗan ƙaramin cikin gida sai an miƙa masa lauje, in kuwa ma'aikata sun yi yawa sai a ce ya zauna gindin bishiya ya tsare tulu. Haka kuma Roberta Simmons da Dale Blyth, waɗanda suka bi yaran birnin Milwaukee suka wallafa sakamakon a 1987, sun ga cewa 'yan matan da aka mayar babbar makarantar tsakiya a aji bakwai sun fi samun raguwar amincewa da kai bisa ga waɗanda suka zauna a makarantarsu har aji takwas. Kada wani ya ce to ai asas ɗinmu ta dā ta fi ke nan. Ita ma tana da nata aibin, wanda shi ne babban ƙorafin da aka yi ta yi a kanta: ɗan shekara shida da saurayi mai shekara goma sha huɗu a haraba ɗaya da banɗaki ɗaya. Kuma Kansas ba Gadarif ba ce. Amma ɗan Adam ɗaya ne, kuma abin da suka gani ya yi daidai da abin da muke gani.

Sai dai kafin uba ya zaɓi makaranta, wajibi ne ya fara gane irin shirun da ɗansa ke yi, domin ba duk shiru ne kunya ba. Nan ne muke so mu daɗe, saboda nan ne 'ya'yan Hausawa suka bambanta da abokan karatunsu.

Akwai yaron da haka Allah ya yi shi. Jerome Kagan na jami'ar Harvard ya nuna cewa kusan jariri ɗaya cikin biyar yakan firgita da sabon abu fiye da sauran tun yana wata huɗu, kuma da yawansu sukan tashi masu ɗari-ɗari da baƙi, ko da yake ba dukansu ba. Irin wannan yaro ba ciwo gare shi ba. Yana da aboki ɗaya ko biyu kuma sun ishe shi, yana sauraro fiye da yadda yake magana, sau da yawa littafinsa ya fi na masu kaɗa yatsa tsabta. A kan wannan hali kuma mu Hausawa muka ɗora tarbiyya. Mun koya masa ya durƙusa in zai gaida babba, kada ya haɗa ido da shi, kada ya ɗaga murya gaban sa'an ubansa. Muna yabonsa a gida mu ce yaron nan akwai kunya. Washegari ya je aji, ustaz ya ce ya miƙe tsaye, ya ɗaga kai, ya ɗaga murya. Yaron ya sunkuyar da kai saboda ladabi, malamin da bai san gidanmu ba ya ɗauka bai yi bita ba ne, ko kuma taurin kai ne. Ba muna cewa a bar tarbiyya ba, Allah ya kiyaye. Muna cewa uba ya zaunar da ɗansa ya gaya masa da bakinsa cewa amsa tambayar malami da murya a sama ba rashin kunya ba ne. Yaro mai biyayya izini yake jira, kuma daga gida yake jiransa.

Akwai kuma shirun harshe. Yaron da ya tashi a tsakiyar gari ya sha Larabci tare da nono, ba shi da wannan matsala. Amma wanda ya taso a ƙauyukanmu na bakin kogin Rahad ko na gefen Galabat, inda Hausa ce a gida, Hausa ce a gona, Hausa ce a dandali, shi Larabcinsa na aji ne. A makarantar allo ya saba karatu cikin taron murya, a firamare ma yawanci amshi ake yi baki ɗaya, ba wanda ya taɓa jin muryarsa ita kaɗai. Ranar da aka tsayar da shi shi kaɗai a gaban yara 70, ya furta wani harafi da karin Hausa, wani daga baya ya kwaikwaye shi aka fashe da dariya, to ya rufe baki ke nan har ƙarshen shekara. Mun san kuma kalmomin da ake jifan 'ya'yanmu da su a wasu wurare, mun san tun abin da ya faru da jama'armu a jihar Nilu Shuɗi a Yulin 2022 akwai yaran da ba sa son a ji suna Hausa a bainar jama'a. Yadda za a gane irin wannan yaro ba wuya. Ku saurare shi a filin ƙwallo na unguwa. In can shi ne mai ba da umarni, muryarsa har bayan katanga, a aji kuma ya zama bebe, to ba kunya ba ce. Maganinsa a sa shi karatun littafin Larabci da murya a gida, minti goma kullum, gaban yaya ko ƙanin uba wanda ba zai yi masa dariya ba.

Na ukun shi ya fi damunmu, wato shirun da ya zo daga baya. Yaro dā mai surutu ne, ya ga abin da ya gani a hanyar gudu, ko ya rasa wani nasa, ko wani babba a makaranta yana ƙwace masa kuɗin faɗur, sai ya yi tsit. Ruwa ba ya tsami banza. Wannan ba zancen girman makaranta ba ne, yana bukatar a zauna da shi, in ta kama a kai shi ga likita. Haka nan a duba kunne da ido. Mun sha ganin yaron da aka yi shekaru ana ce masa miskili, ashe ciwon kunne ne ya rage masa ji, daga bencin baya ba ya jin komai sai guna-guni.

Yanzu ga ra'ayinmu, kuma ba za mu ɓoye shi ba. Ga yaro mai kunya ta halitta, yawan ɗaliban makaranta ba shi ne abin tsoro ba. Abin tsoro shi ne a ce duk makarantar babu babba ko ɗaya da ya san shi da sunansa, babu kuma yaro ko ɗaya da zai ci faɗur tare da shi. In an sami waɗannan biyu, babbar makaranta tana iya fiye masa ƙaramar amfani. In ba a same su ba, ko makarantar mai aji uku ce zai sha wuya.

Domin babbar makaranta tana da nata alherin da bai kamata a raina ba. Can ne aka fi samun malamin lissafi da na Turanci da na kimiyya waɗanda fanninsu ke nan, ba wanda aka ɗora wa don babu kowa ba, kuma waɗannan fannoni su ne ke yanke wa yaro hukunci a jarrabawar shiga sakandare. Ƙaramar makarantar da malami ɗaya ke jan fanni huɗu, natsuwarta ba za ta amsa masa tambayar jarrabawa ba. Sannan cikin yara ɗari shida ya fi sauƙi mai son zane ko mai son karatun labarai ya sami irinsa, alhali cikin talatin watakila shi kaɗai ne. Akwai kuma abin da iyaye ba sa lura da shi. A ƙaramar makaranta laƙabi ba ya mutuwa. Yaron da aka sa wa suna "kurma" a aji biyu, da shi zai gama. Sabon wuri yakan ba shi damar farawa da sunan da ubansa ya raɗa masa. Mun ga waɗanda bakinsu bai buɗe ba sai da suka bar inda aka san su.

Saboda haka shawararmu ga uba ita ce ya taka da ƙafarsa, gani ya kori ji. Kada ya je lokacin ɗabur, lokacin kowace makaranta tana da kyau. Ya je lokacin faɗur, ya tsaya gefe ya duba. Akwai malami a haraba ko duk sun shige ofis? 'Yan aji ɗaya suna samun wurin mai ful, ko sai manya sun gama? Banɗaki fa, ƙaramin yaro zai iya shiga ba tare da fargaba ba? Daga nan ya gaida mudir, amma wanda zai nema da gaske shi ne abul fasal, wato malamin da aka damƙa wa ajin. Ya tambaye shi yara nawa ne a ajin, ya gaya masa a fili: "Ustaz, ɗana mai kunya ne, ya san karatu amma ba zai ɗaga hannu ba." Wannan magana ta minti biyu ta fi takardar koke goma. Malamin da aka gaya wa haka ya riga ya riƙe sunan yaron, abin da muke nema ke nan. A roƙa masa wuri a layi na biyu ko na uku, ba can baya wurin manya ba. In akwai yaron unguwa da suka yi firamare tare, a roƙa a haɗa su aji ɗaya, wannan ba ya cin makaranta ko sisi. Kuma don Allah iyayenmu maza a riƙa zuwa taron majalisar iyaye. Sau nawa muke duba zauren mu ga 'ya'yan Hausawa sun kusa rabin aji, iyayensu kuwa ba su cika benci ɗaya ba. Mun san lokacin kaka ba a barin gona, amma ba duk shekara ce kaka ba.

Bayan an shiga, a ba shi lokaci. Makonnin farko duk yaro yakan yi ɗari-ɗari. Amma kada a tambaye shi "yaya makaranta?", domin amsar ita ce "lafiya lau" ko da wuta ake hura masa. A tambaye shi da wa ya ci faɗur yau. A ƙasar nan ba a cin ful a kaɗaice, yara kan haɗa kuɗi su zauna kan kwano ɗaya, saboda haka yaron da wata biyu suka wuce bai iya kiran sunan abokin kwanonsa ba, akwai magana. Haka in ciwon ciki na kama shi kowace safiya amma ba ya kama shi ranar Juma'a, ko kuɗin faɗur na dawowa gida ba a taɓa ba. Iyaye mata sun fi mu ganin waɗannan alamu, a riƙa sauraronsu.

Zancen 'ya mace yana da ƙarin nauyi. Shekarun mutawassiɗa su ne shekarun da jikinta ke canzawa, kunyarta ta ninka, kuma su ne shekarun da in ta ce ba ta son makaranta, maimakon a bincika dalili sai a ce to ta zauna, dama ga masu nema. Yarinya mai shiru ba za ta ce ana tsokanarta a hanya ba, ba za ta ce banɗakin makaranta ba shi da ƙofa ba. Za ta ce kawai kanta na ciwo. Ga ita, nisan hanya da abokiyar tafiya sun fi girman makaranta muhimmanci, balle da damina lokacin da lakar Gadarif ke hana raksha shiga unguwa. In babbar makaranta na nufin tafiyar awa guda ita kaɗai, ƙaramar kuma tana bayan gida, mu dai za mu zaɓi ta kusa mu nema mata mai ƙara mata lissafi da yamma. Haka muke cewa game da yaron ƙauye da za a kawo gari riƙo wurin dangi. Sabon gida, sabuwar makaranta, sabon harshe, duk a wata ɗaya, kaya ne da ya fi ƙarfin ɗan shekara 12 mai kunya. In akwai mutawassiɗa a Doka ko Hawata ko Mafaza da zai iya zuwa ya kwana ɗakin uwarsa, a bar shi can, gari ba zai gudu ba, ya zo sakandare.

'Yan'uwanmu malamai kuma, ga wata 'yar dabara da ba ta bukatar kasafin ma'aikata. Wata masaniya a Amurka, Mary Budd Rowe, ta auna a farkon shekarun 1970 ta tarar malami yakan jira kusan daƙiƙa ɗaya tak bayan ya yi tambaya kafin ya ba wani ko ya amsa da kansa. Da aka sa malamai su jira daƙiƙa uku, sai amsoshi suka ƙara tsawo, yaran da ba sa magana suka soma magana. Yaron da ke juya amsa daga Hausa zuwa Larabci a cikin kansa, daƙiƙa ɗaya ba ta isarsa. A yi tambaya, a hana kaɗa yatsa, a ƙirga uku a zuci, sannan a kira suna. Kuma a ba mai shiru aiki: riƙon alli, rubuta jaridar bango, tattara littattafai, abin da zai sa a neme shi in bai zo ba. Kada a fara da tura shi gaban ɗabur ya yi jawabi wai don a cire masa kunya, a fara da sa shi karanta layi biyu daga inda yake zaune.

A wata mai zuwa, in Allah ya kai mu, za mu duba batun yaran da yaƙi ya sa suka girme wa ajinsu da shekara biyu ko uku, da yadda za a yi da su kada su bar makaranta su tafi kasuwar amfanin gona dako. Masu tambaya su ci gaba da aiko da takardunsu ta ofishin wannan mujalla. Wassalam.